Tsakanin Sanyi da Tafasa: Tarihin Ruwan Tanki Daga Filadalfiya Zuwa Babban Duhu

Duk wanda ya taɓa zuwa Babban Duhu, ko Runka, ko Batsari a cikin watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kankama, ya san yadda ruwan tanki yake da azahar. In ka tara hannu a bakin famfo sai ka ji shi da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu an sirka. Sau da yawa nakan ji mutane suna cewa ai wannan ruwa ba shi da wata illa, tun da rana ta riga ta dafa shi, duk wata cuta da ke ciki ta mutu. Wannan magana ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami, domin kuwa tarihi ya nuna akwai tazara mai faɗi tsakanin ruwan da ya yi ɗumi da ruwan da ya tafasa, kuma a cikin wannan tazara ne waɗansu ƙwayoyin cuta suka fi jin daɗin zama. Kafin Turawa su gane haka sai da suka binne mutane.

Amma bari mu fara daga gida. Ƙasar Safana, inda Yariman Katsina yake hakimci, da ƙasar Ruma, wadda Sarkin Ruma yake riƙe da ita daga Batsari, duka suna zaune ne a kan fā, watau dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan wuri ba ya riƙe ruwa kamar ƙasa mai yashi. Ruwan yana maƙalewa ne a cikin tsagar dutse da kuma ɓarɓashin da ke samansa. Shi ya sa tun kaka da kakanni neman ruwa da rani babban aiki ne a wannan yanki na bakin dajin Rugu. Da damina a sha na tafki da na kududdufi, da kaka a koma ƙorama, in ta ƙafe a tona yashin gindinta a jira ruwa ya tsattsafo, rijiya kuwa ana ta ƙara mata igiya har ruwan sama ya sauka. Mata su ɗebo a tulu su juye a randa.

Ina so mai karatu ya lura da randar nan, don za mu komo gare ta. Tukunya ce ta yumɓu mai ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Ruwa yana naso ta jikinta, iska ta busar da nason, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. A inuwa ake girke ta, galibi a kan jiƙaƙƙen yashi, kuma ruwanta ba ya daɗewa: yau an cika, gobe ya ƙare, an ɗauraye ta an sake zubawa. Wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya faɗaɗa, ya sa tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba na cewa randa ba ta da aibi. Moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, babba da yaro, mai wankakken hannu da marar shi. Abin da nake nufi kawai shi ne ruwanta yana da sanyi kuma ba ya kwanciya.

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, cikin shekarun 1930, aka fara haƙa rijiyoyin kankare a ƙauyukan lardunan Arewa, a daidai lokacin da birnin Kano ya sami ruwan famfo daga Challawa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya nuna rijiyar hannu kaɗai ba ta isa ba, sai gwamnati ta juya ga madatsun ruwa. Aka kammala dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, ko da yake sai a 2021 aka buɗe kashin farko na aikin kai ruwansa garuruwa, kusan shekara arba'in ke nan ruwa na kwance mutane na kallo. A tsakanin nan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 don samar da ruwan sha, gwamnatin Janar Babangida kuma ta kafa hukumar raya karkara a 1986, rijiyoyin burtsatse masu tuƙa-tuƙa suka bazu. Daga baya aka zo da na inji, sa'an nan na hasken rana, kowace da tankinta a bisa ƙarafa.

Alherin wannan canji ba ƙarami ba ne. Dattawanmu sun san kurkunu, tsutsar da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina ta bar gonarsa ga ciyawa. Da aka yi ƙidaya a 1988 zuwa 1989 an sami mutum sama da 650,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da rijiyoyin burtsatse, da yawon wayar da kai irin wanda Janar Yakubu Gowon ya sha yi ƙauye-ƙauye, aka ga bayanta: mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar ƙasar ta rabu da ita. To amma tare da wannan alheri mun shigo da wani sabon abu wanda kakanninmu ba su sani ba, watau ruwa mai yawa da ke zaune cikin tanki da bututu, a rana, kwana da kwanaki.

Yanzu sai mu leƙa abin da masana suka gano game da zafi da ƙwayoyin cuta. A cikin shekarun 1860 wani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya nuna in aka ɗumama abin sha zuwa wajen digiri 55 ko 60 a ma'aunin santigirad na ɗan lokaci, ƙwayoyin da ke lalata shi sukan mutu. Har yau da wannan dabara ake gyara madarar kanti. Ba a daɗe ba, a 1876, Ferdinand Cohn a Jamus ya gano akwai ƙwayoyin da in sun ji wuya sukan dunƙule su yi wa kansu ɓawo mai tauri, tafasa ma ba ta kashe su nan take. John Tyndall a Ingila ya ci karo da wannan matsala a daidai lokacin, ya warware ta da tafasawa sau da yawa a ranaku dabam-dabam. Abin mamaki ya ƙaru a 1966, sa'ad da Thomas Brock ya sami wata ƙwaya tana rayuwa cikin maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, a wajen digiri 70, zafin da zai saluɓe fatar mutum. Daga baya ya same ta har a cikin tukunyar dafa ruwa ta gidajen wanki. Ita wannan ba ta cutar da kowa, hasali ma daga jikinta aka samo sinadarin da ake gwajin cuta da shi, irin gwajin da aka yi ta yi wa mutane lokacin korona. Sai dai ta koya wa masana cewa bututun ruwan zafi na gini ba kufai ba ne, akwai mazauna a ciki.

Wadda ta yi kisa kuwa ta bayyana ne a watan Yuli na 1976, a birnin Filadalfiya. A shekarar nan Amurka tana bikin cika shekara 200 da samun 'yancin kai, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jihar Pensilbaniya ta yi babban taronta a wani ƙasaitaccen otal mai suna Bellevue-Stratford, daga 21 zuwa 24 ga wata. Aka ci aka sha aka watse lafiya. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi mai tsanani, da tari, da ciwon ƙirji suka fara kwantar da mahalarta, kowa a garinsu. Da yake a warwatse suke, kowane likita yana ganin majinyaci ɗaya ko biyu ne kurum, sai da mutuwa ta yi yawa aka haɗa lissafi. A ƙarshe mutum 221 suka kamu, 34 suka mutu, cikinsu har da waɗanda ba su shiga otal ɗin ba, wucewa kawai suka yi ta gefen titinsa.

Hankalin ƙasar ya tashi. Waɗansu suka ce murar aladu ce da ake ta tsoro a shekarar, waɗansu suka ce guba aka sa wa tsofaffin sojojin da gangan. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta ta yi watanni tana bincike ba ta sami komai ba, 'yan majalisa suka yi mata ca, otal ɗin kuwa ya rasa baƙi har ya rufe a watan Nuwamba. Sai a ƙarshen Disamba wani ma'aikacin cibiyar, Joseph McDade, ya koma kan gwaje-gwajen da ya riga ya yi a kan ɓerayen Masar. Tun da fari ya ga waɗansu ƙwayoyi ƙalilan masu kama da 'yan sanduna, ya ɗauka datti ne ya faɗa. Da ya sake dubawa da natsuwa sai ya tarar da su cunkushe a cikin wata ƙwayar halitta. Ran 18 ga Janairu 1977 aka sanar da duniya an gano sabuwar ƙwayar cuta, daga baya aka raɗa mata suna Lijiyonela, daga sunan ƙungiyar sojojin. Zato mafi ƙarfi shi ne daga na'urar sanyaya ɗakunan otal ɗin ta fito, wadda ke da ma'ajin ruwa mai ɗumi a kan rufi, iska tana kwasar feshinsa.

Da aka ciro tsofaffin jinin majinyata da aka adana, sai aka ga ashe ba baƙuwa ba ce. Ita ce ta kashe mutum 14 a asibitin St Elizabeths na Washinton a 1965, kuma ita ce ta kwantar da mutum 144 a garin Pontiac a 1968, a ginin ma'aikatar lafiya ma kuwa, ko da yake a can ba a rasa rai ba. Bayan nan ta ɓulla a asibitin Stafford na Ingila a 1985, da birnin Murcia na Sifen a 2001 inda aka tabbatar da mutum 449, da garin Flint na Amurka a 2014 zuwa 2015 inda aƙalla mutum 12 suka mutu bayan an sauya wa garin mashayar ruwa.

Mene ne sirrin wannan ƙwaya? Asalinta a tafkuna da ƙoramu take, amma a can ba ta da yawan da za ta yi ɓarna. Mutum ne ya gina mata gida. In ruwa bai kai digiri 20 ba, tana nan a raye amma ba ta hayayyafa. Daga 20 zuwa 45 sai ta yi ta yaɗuwa, ta fi kuma son wajen 35 zuwa 37, watau daidai ɗumin jikin ɗan Adam. A digiri 50 takan fara mutuwa amma da nawa, sai an yi fiye da awa guda kafin kashi tara cikin goma su mutu. A 60 minti biyu ya isa a kashe wannan adadi, a 70 kuwa kusan nan take ne. Ka ga ke nan ba wai ta gagari wuta ba ce. Juriyarta ta ɗan ɗara ta sauran ƙwayoyin cutar ruwa ne kawai, amma wannan ɗan fifiko ya ishe ta, domin zafin da ke rage abokan zamanta ita bai taɓa ta ba, sai fili ya zama nata.

Daɗin daɗawa tana da mafaka biyu. Ta farko ita ce yauƙin nan da ke manne wa cikin tanki da bututu, wanda duk wanda ya taɓa sa hannu a tsohuwar jarka ya san santsinsa. A ƙarƙashinsa, tare da tsatsa da laka, zafi da maganin kulorin ba sa isa gare ta sosai. Ta biyu kuwa wani Bature ɗan Ingila, Tim Rowbotham, ya gano ta a 1980. Akwai wata ƙaramar halitta a ruwa da ake kira amiba, wadda abincinta ƙwayoyin cuta ne. In ta haɗiye Lijiyonela, maimakon ta narke, sai ta zauna a cikin cikinta ta yi ta haihuwa har ta fasa ta. In kuwa amibar ta ji zafi ta dunƙule, to ta dunƙule da baƙuwarta a ciki. Wannan dabara ita ce dai take yi wa sojojin jinin da ke tsaron huhun mutum, shi ya sa maganin fenisilin ba ya kama ta, sai irin magungunan da ke ratsawa cikin ƙwayar halitta. Shaƙar feshin ruwa ne babbar hanyar kamuwa, kamar na shawa, ko kuma mutum ya ƙware ruwa ya faɗa masa huhu. Tsofaffi, da mashaya taba, da masu ciwon suga ko na ƙoda su ne ta fi kayarwa, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma da suka kamu yakan mutu.

Da Turawa suka fahimci haka sai suka kafa ƙa'ida. A Ingila, alal misali, dokar gine-gine ita ce a ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya iso bakin famfo bai gaza 50 ba, ruwan sanyi kuwa kada ya wuce 20. To a nan ne gizo ke saƙa. Wane tanki ne a ƙasar Katsina zai tsaya ƙasa da digiri 20, in ba da asubar hunturu ba? A watan Afrilu da Mayu zafin iska kansa yana haura 40. Baƙin tankin roba da ke tsaye a rana yana kai ruwansa daidai ɗumin da ƙwayar ta fi so, ya riƙe shi a nan, kuma ba ya kai shi 60 ɗin da za ta mutu. Abin da Bature yake kira ruwan sanyi, a wurinmu ruwan ɗumi ne tun daga tushe. Don haka rabin ƙa'idarsu ba ta da amfani gare mu, ko da mun kwafe ta cikin littattafan injiniyoyinmu.

Game da cewa rana tana kashe cuta, akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. A cikin shekarun 1980 Farfesa Aftim Acra na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya nuna in aka zuba ruwa garai-garai a kwalba mai haske aka shanya a rana, ƙwayoyin zawo sukan mutu. Abin da ake koyarwa shi ne awa shida in rana ta buɗe. Haskenta ne ke ratsa kwalbar ya yi yawancin aikin. Tanki kuwa yana tare hasken, ya bar wa ruwa ɗumin kaɗai. Wani abin sha'awa, malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tattauna hukuncin ruwan da rana ta ɗumama, da yawansu suka karhanta amfani da shi in a mazubin ƙarfe yake a ƙasa mai zafi. Dalilinsu tsoron cutar fata ne, ba su yi maganar huhu ba, kuma ba zan ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Abin lura dai shi ne ruwa yana iya cika sharuɗɗan tsarki, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da mutum.

Kada kuma in wuce gona da iri. Mutumin Babban Duhu da ke wanka da bokiti da kwano ba ya shaƙar feshi kamar mai wanka da shawa, don haka Lijiyonela ba ita ce babbar barazanarsa ba. Tasa ita ce taifot da kwalara, masu shiga ta baki. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, ta iso Legas a ƙarshen shekarar, a 1971 ta kama mutum 22,931 a Nijeriya ta kashe 2,945. A 1991 ta kashe 7,654, a 2021 kuwa 3,604, Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ita ma ɗumin tanki ba ya kashe ta, amma tafasa ɗaya ta gama da ita. Matsalar ita ce itace. An ƙiyasta tafasa lita ɗaya yana cin wajen kilo ɗaya na itace, kuma dajin Rugu da a da ake shiga a yi itace ya zama wurin da 'yan bindiga suka hana mutane sakat shekara da shekaru. Malamin tsabta da ke cewa uwar gida ta tafasa ruwan mutum goma sha biyu kullum, ya kamata ya fara tambayarta nawa take sayen ƙunshin itace.

Inda Lijiyonela take da hanya a ƙasarmu shi ne manyan gine-gine: asibitoci, da otal-otal, da ɗakunan kwanan ɗalibai, wuraren da ke da tanki a sama, da dogayen bututu, da shawa, da hitar da wuta ke zo mata tana ɗaukewa, ta ɗumama ruwa ba ta kai shi ko'ina ba. Asibiti ya fi ko'ina hatsari, don a can raunana suke taruwa, kuma cikin waɗanda suka kamu a gadon asibiti wajen ɗaya cikin huɗu ne ke mutuwa. Akwai gwajin fitsari da ke gano cutar cikin ɗan lokaci, amma ba kasafai ake yinsa a asibitocinmu ba. Dattijo ya zo da zazzaɓi da tari, a ba shi maganin maleriya, in bai ji sauƙi ba a ce namoniya ce, in ya cika a ce kwana ya ƙare, ba wanda zai hau rufi ya leƙa tanki.

Sa'an nan ga gine-ginen da ake rufewa. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 an rufe makarantun kwana a Jihar Katsina, waɗansu na yankin bakin daji suka daɗe ba su buɗe ba. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na tuna ranar da muka koma, na murɗa famfon banɗaki, ya yi tari sau biyu ya feso wani jan ruwa mai ɗumi da wari, wanda ya kwana a bututu tun kafin azumi. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Muka bar shi ya ɗan zuba ya washe, muka shiga ƙarƙashinsa. Kulorin da ke cikin ruwa yakan ƙare cikin 'yan kwanaki in ruwan yana tsaye, kuma zafi yana gaggauta ƙarewarsa.

Tun da sanyin digiri 20 ya fi ƙarfinmu, abin da ya rage a hannunmu shi ne halayen randa guda uku: inuwa, da ɗauraya, da rashin kwanciyar ruwa. Rumfar kwano ko ta zana a kan tanki tana rage masa zafi, farin tanki ya fi baƙi, murfi kuwa ya rufu sosai. A riƙa zubar da ruwan ana kankare lakar gindi da yauƙin jiki aƙalla sau ɗaya a shekara, a wanke da kulorin. Tankin da ya fi ƙarfin masu amfani da shi, wanda ruwansa ke mako bai ƙare ba, girmansa ba abin alfahari ba ne. Bututun da aka toshe bakinsa aka manta da shi a yanke shi daga tushe. Mai hita kuma ya bar ta ta kai 60, ya sirka a bokiti, don ruwa mai wannan zafi yana ƙona yaro cikin 'yan daƙiƙoƙi. In gini ya daɗe a rufe, kafin ɗalibai ko majinyata su shiga, a buɗe tagogi, a kwance kan shawa a jiƙa shi cikin kulorin, a saki kowane famfo a hankali ba tare da feshi ba, har sai tsohon ruwan ya fita duka sabo ya biyo bayansa.